Yadda Ake Sanar Da Iyali Idan Wanda Ke Tsare Ya Rasu Ko Ya Ji Mummunan Rauni

A ce wani saurayi ne ɗan kabu-kabu daga Bahindi ya fita da asuba, ya ɗaure jarkoki a bayan babur ya nufi wajen Tsamiya. Azahar ta yi bai dawo ba, aka yi magariba shiru, wayarsa kuma a kashe. Washegari wani ya ce ya hangi babur ɗinsa a bayan motar jami'ai. Mahaifinsa ya ranci kuɗin mota ya tafi Bagudo, aka ce ya duba Ka'oje. A Ka'oje aka ce wataƙila an wuce da shi Birnin Kebbi. Ana cikin wannan kai-kawo, a rana ta tara, wani direba ya tsaya shan shayi a bakin tasha yana ba da labarin wani yaro da ya mutu a tsare. Kafin la'asar magana ta shiga gidaje, uwar yaron kuwa a bakin 'yar talla ta ji cewa ɗanta ya kwana uku a mutuware.

Misali ne na kawo, amma duk wanda ya zauna ƙasar bakin iyaka ya san bai yi nisa da abin da kan faru ba. A yankin Bagudo hukumomin da ke da ikon kama mutum suna da yawa: 'yan sanda, kwastan, jami'an shige da fice, sojoji, sibil difens, da hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Da ka tsallaka zuwa Segbana kuma ka shiga Benin, ƙasa mai tata doka da nata harshen ofis. Tun lokacin da aka rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, gidaje da dama suka san hanyar caji ofis.

Wanda ya kulle ƙofa ya riƙe mabuɗi, ya ɗauki amanar ran da ke ciki. Idan ran ya fita, ko jikin ya raunata, sanar da iyali bashi ne a wuyansa. Wannan jagora na jami'in da abin ya faru a hannunsa ne, da uban ƙasa ko hakimi ko limamin da za a nema ya yi rakiya, da kuma iyalin da saƙon zai iske.

Dalilin gaggawa

Rasuwa a gidan Musulmi tana zuwa da ayyuka masu jiran juna. Akwai wanka da likkafani da salla da binnewa, waɗanda addini ya so a hanzarta. Akwai matar mamaci da za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu idan tana da ciki, lissafin kuma daga ranar rasuwa yake farawa. Akwai bashi da wasiyya da gado. Babu wanda zai yiwu a cikinsu sai an san mutum ya rasu, an kuma san ranar.

Idan aka ɓoye, an bar mace a rataye ke nan, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace babu labari takan kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, sannan ta jira shekara huɗu kafin ta yi idda. Shekara huɗu na rayuwar mace, a kan saƙon da bai wuce jami'i ya taka ko ya buga waya ba. An ga girman wannan masifa a Borno. A rahotonta na Yunin 2015, Amnesty International ta ce fiye da mutum 7,000 ne suka mutu a tsare a hannun sojoji tun daga Maris ɗin 2011, da yawansu a barikin Giwa na Maiduguri. Matan da suka haɗu a ƙungiyar Knifar sun shafe shekaru suna neman a gaya musu ko mazajensu na raye.

Muna da abin koyi. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) da kansa ya taka zuwa gidansa, ya nemi a kawo masa 'ya'yan, ya sanar da matarsa Asma'u, sannan ya sa a dafa wa gidan abinci. Shugaban da ya tura shi ne ya je, ya je da wuri, ya kuma tuna cewa masu makoki ba su da zuciyar hura wuta.

Abin da doka ta tanada

Tsarin mulkin 1999 ya kare rai a sashe na 33, ya haramta azabtarwa a sashe na 34. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 a sashe na 6, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 a sashe na 35, sun ɗora wa hukumar da ke tsare da mutum alhakin sanar da danginsa, ba tare da an biya ko kwabo ba. Jihar Kebbi ma ta yi irin tata dokar. Dokokin nan sun kuma haramta kama wani a madadin wani, don haka uba ko wa na da damar zuwa ofis ya yi tambaya ba tare da tsoron a riƙe shi ba. Dokar 2020 ta wajabta wa Sufeto Janar ya riƙa ba Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda rahoto duk wata uku, har da sunayen waɗanda suka mutu a hannun 'yan sanda.

Game da gidan yari, Dokar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta ce idan ɗaurarre ya rasu ko ya ji mummunan rauni, a sanar da danginsa, a yi bincike. Idan aka gano sakaci ko zaluncin ma'aikata ne, a dakatar da mai laifin a gurfanar da shi, hukumar ta biya diyya da kuɗin asibiti ko na jana'iza. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta yanke ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar, idan rai ya fita a tuhume shi da kisan kai.

A matakin duniya akwai Ƙa'idojin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disambar 2015. Ƙa'ida ta 69 ta ce shugaban gidan yari ya sanar da dangi nan take idan an yi rasuwa, ta 71 ta ce a kai rahoto ga wata hukumar da ba ta ƙarƙashinsa, ta 72 ta ce a mutunta gawa a mayar wa dangi da wuri. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta fitar da makamantansu a Luwanda a 2014, domin tsarewar 'yan sanda.

Aikin yana farawa ranar kamu

Tun ran gini ran zane. Jami'in da bai rubuta komai ranar kamu ba, ranar mutuwa zai rasa wanda zai kira. Kafin a rufe mutum a sel, jami'in da ke kan kanta ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, da laƙabin da aka san shi da shi, domin a ƙauye laƙabi ya fi sunan yanka saurin kai ka ƙofar gida. Ya rubuta gari da unguwa ko tunga ko ruga, da sunan mai unguwa ko arɗo. Ya karɓi lambar waya biyu, ta mutum biyu daban, tunda akwai ƙauyukan bakin ruwa da layi ke wahalar shiga, akwai kuma masu amfani da layin Benin.

Sai a tambaye shi: in wani abu ya same ka, wa kake so a fara gaya wa? A rubuta amsar. A rubuta duk raunin da ya zo da shi, da ciwon da yake fama da shi, kamar sikila, asma, ciwon suga ko farfaɗiya, da maganin da yake sha. Sannan a kira gidansu a gabansa. Duk lokacin da aka sauya masa wuri, daga Bagudo zuwa hedikwata a Birnin Kebbi, ko daga kotu zuwa gidan yari, a sake kira. Yawancin ɓatan mutane a hannun hukuma wajen sauyin wuri yake faruwa.

Idan rauni ne ko ciwo mai tsanani

Asibiti ne farko. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, dokar 2017 kan masu raunin harbi kuma ta ce a yi musu magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Ana kan hanya ko ana isa, a kira gida.

Ga ma'auni mai sauƙi na abin da ake kira mai tsanani: suma, karaya, harbi, sara, ƙuna, zubar jinin da ya ƙi tsayawa, rauni a kai, kasa tsayuwa ko kasa cin abinci, da duk abin da ya sa likita ya ba shi gado. A nan waya ta halatta, domin saurin shi ne muhimmi. Mai kira ya faɗi sunansa da muƙaminsa, ya faɗi asibitin da ɗakin, ya faɗi halin da majinyacin ke ciki yadda likita ya faɗa, kada ya rage kada ya ƙara. Ko ba don tausayi ba, dangi ne ke ba da jini, su ne suka san tarihin ciwonsa, su ne za su sa hannu in za a yi tiyata.

Idan majinyacin na cikin hayyacinsa ya ce kada a gaya wa wane, a mutunta maganarsa, a rubuta, ya sa hannu gaban likita ko nas. Wannan rangwame na rauni da ciwo ne kaɗai, bai shafi rasuwa ba.

A bar dangi su gan shi. A gaya masa cewa Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ba shi damar likitan da ya zaɓa ya duba shi, nesa da idon masu tsaronsa. Jami'in da ake zargi da ji masa raunin kuwa, kada a sa shi gadin gadonsa.

Idan rasuwa ce

Kafin kowa ya fita daga ofis, likita ya tabbatar da mutuwar, a kuma tabbatar da ko wane ne. Kai saƙon mutuwa gidan da ba shi ba ɓarna ce da ba ta gyaruwa. A bar sel yadda yake, kada a share kada a wanke. A rubuta lokaci, da sunayen waɗanda ke ɗakin tare da shi, da na jami'an da ke bakin aiki. A sanar da na sama, a sanar da majistaren da ke da hurumin binciken sanadin mutuwa. A ja kunnen kowa kada hoto ko suna ya fita WhatsApp ko Facebook, kada kuma a yi wa 'yan jarida bayani kafin iyali su ji.

Wanda zai je shi ne babba, DPO ko shugaban gidan yari ko mataimakinsa. Wanda ya yi kamun, ko wanda ake zargi, ya zauna. Mutum biyu sun isa, in da hali ɗaya ta zama mace. Babu jiniya, babu jerin motoci, babu bindiga a hannu a ƙofar gidan mutane. A biya ta wurin hakimi ko mai unguwa, a ɗauki liman ko wani dattijon da gidan ke jin nauyinsa. Rakiya za su yi. Saƙon daga bakin jami'in zai fito, domin shi ne zai amsa tambaya.

A je a ranar. Idan cikin dare ne, kada ya wuce bayan sallar asuba. Da damina, in kogin Kwara ya cika hanya ta yanke, a kira hakimi ko liman ya je ya zauna da mai gidan, jami'in ya yi magana ta waya suna tare, sannan ya biyo da ƙafarsa da zarar hanya ta samu.

Wanda mamacin ya ambata shi za a fara nema. In bai ambaci kowa ba, mahaifi ko wa ko baffa. Amma uwa da mata suna da nasu haƙƙin, kada a bari su tsinta a ihun maƙwabta. A sa wata dattijuwa ta shiga tare da jami'a mace. Idan matan sun fi ɗaya, ko wata na wani gari, kowacce a kai mata.

Bayan sallama, a zauna. Ba a faɗin mutuwa a tsaye a bakin ƙofa. Jami'in ya tabbatar da wa yake magana, sannan ya faɗa a fili, kamar haka: "Baba, ni ne shugaban ofishin da ɗanka yake tsare. Na zo da labari mai nauyi. Allah ya yi masa rasuwa yau da misalin ƙarfe huɗu na asuba, yana hannunmu. Gawarsa tana babban asibiti, kuma zan kai ku ku gan shi." Daga nan ya yi shiru. Ya bar su su yi salati, su yi kuka, ko su yi masa faɗa. Kada ya kare kansa.

Al'adarmu ce a sassauta, a ce jikin ya yi tsanani. Jimla ɗaya ta share fage ba laifi, amma a bi ta da gaskiya a zama ɗaya. Ba daidai ba ne a bar uwa ta dama kunu ta kama hanyar asibiti, alhali ɗanta ya riga ya cika.

Akwai maganganun da ba a yi. Kada jami'i ya faɗi sanadin da likita bai tabbatar ba, irin "ya faɗi ne," ko "dama ba shi da lafiya," ko "gudu ya so yi." In bai sani ba, ya ce ana bincike, ya faɗi mai binciken. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙaryar ranar farko ita ke hana a yarda da gaskiyar da za ta biyo. Kada ya tayar da maganar laifin da ake zargin mamacin. Wanda kotu ba ta yanke wa hukunci ba, ba mai laifi ba ne a idon doka, wanda ta yanke wa ɗauri kuma ba kisa ta yanke masa ba. Kada ya fake da ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke haƙƙi daga wuyan wanda ya yi sakaci. Kada kuma ya zo da ambulan na kuɗi haɗe da takardar da za a dangwala.

Kafin ya tashi ya bar takarda mai ɗauke da sunansa da lambarsa, da lokacin rasuwa, da inda gawa take, da hukumar da ke bincike. Mai makoki ba ya riƙe magana. A karanta musu ita da harshen gidan, Hausa ko Fulatanci ko Dandanci ko Kyanganci ko Busanci, ta bakin babba, ba yaron gidan ba. Kayan mamacin, waya da kuɗi da babur in ba shaida ba ne a shari'a, a mayar da su da lissafi. Ya kuma dawo ranar addu'ar uku ko ta bakwai, lokacin da tambayoyi suka fara fitowa.

Gawa, bincike da jana'iza

Nan ne wuri mafi wuya. Zuciya na son a yi sutura kafin rana ta faɗi, gaskiya kuma na bukatar a dakata kaɗan. Da yawa daga cikin shari'o'in mutuwa a tsare sun mutu ne ranar jana'iza, domin an binne shaida tare da mai ita.

Dangi na da damar ganin gawa. Ba a binne ta a bayan idonsu, ba a kuma karɓar kuɗi kafin a sake ta. Majistare na da ikon ba da umarnin likita ya binciki gawar. Masu jin tsoron haramci su sani cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1987 cewa binciken gawa ya halatta idan alƙali na bukatarsa don gano sanadin mutuwa a shari'ar laifi. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na binciken irin wannan mutuwa, waɗanda aka sabunta a 2016, sun ba iyali damar tura wakilinsu, likita in sun samu, ya tsaya a wurin. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar asibitin koyarwa na tarayya a Birnin Kebbi ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A roƙi majistare ya sa a hanzarta, jinkirin kwana ɗaya ko biyu ya fi nadamar shekaru.

Idan hakan bai samu ba, kada a rasa mafi ƙaranci. Likita ya duba jikin daga kai zuwa tafin ƙafa, ya rubuta, a ɗauki hoto da kiyaye al'aura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: masu wanka mutum biyu adilai su lura da wuyan hannu da idon sawu inda igiya ko ankwa ke barin sawu, da tafin ƙafa, da haƙarƙari, da wuya, da ƙeya. Su faɗi abin da suka gani a rubuta ranar, su sa hannu. Su tsaya ga abin da ido ya gani kawai. Jini kan kwanta a ɓangaren da gawa ta kwanta a kai, fata ta yi duhu kamar an doke ta, likita ne ke bambance wannan da duka.

A karɓi takarda biyu: ta likita mai bayyana sanadin mutuwa, da takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kotu da banki da rabon gado duk za su neme su.

Idan abin ya tsallaka iyaka

Tsakanin Illo da Lolo da Tsamiya da ƙauyukan Segbana, aure da kasuwa da kiwo sun riga iyaka zuwa. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ce baƙon da aka kama na da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, idan ya rasu kuma wajibi ne a sanar ba tare da jinkiri ba. Don haka in ɗan Benin ya rasu a hannun jami'anmu, rahoto ya tafi ofishin jakadancinsu a Abuja ta hannun na sama. Amma Abuja na da nisa, uwarsa kuwa wataƙila tafiyar awa ɗaya ce a babur. A bi hanya biyun lokaci ɗaya: ta takarda, da ta sarakunan gargajiya da shugabannin kasuwa da suka san juna a tsallaken biyu.

In namu ne aka tsare a can, a san cewa tsarin mulkin Benin na 1990 ya iyakance tsarewa ga sa'a 48 sai da izinin alƙali, ba ta wuce kwana takwas, ya kuma ba wanda ke tsare damar likitan da ya zaɓa. Tun 2018 'yan sanda da jandarma suka zama runduna ɗaya. A Kandi, babban birnin yankin Alibori, akwai kotu da gidan yari, can ya kamata a fara dubawa bayan ofishin da ya yi kamun. A sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Kwatano. A tafi da mai jin Faransanci, a kuma tuna rubutun suna ya bambanta, Usman a can Ousmane ne, sai a nemi duk siffofin a rajista. Kada a tsallako da gawa a kwale-kwale cikin dare. A nemi izinin hukumomin ɓangarorin biyu, a taho da takardun. Idan an rasa inda mutum yake gaba ɗaya, ƙungiyar agaji ta Red Cross na da sashen haɗa iyalan da suka rabu.

Ga iyalin da saƙo ya iske

Ku zaɓi mutum ɗaya mai sanyin zuciya ya zama bakinku, ya riƙe littafi. Duk wanda aka yi magana da shi, a rubuta sunansa da rana da abin da ya ce. Ku je ofis ku biyu ko uku tare da dattijo. Ku tambayi ranar kamu, da wanda ya kama, da lokacin da ciwo ya fara, da lokacin da aka kai asibiti, da waɗanda ke ɗaki ɗaya da shi. Kada ku sa hannu ko ku dangwala a takardar da ba a karanta muku ba ta bakin wanda kuka yarda da shi.

Ƙofofin ƙara a buɗe suke. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, da Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda aka kafa a 1976, suna karɓar koke kyauta, ana samun su a Birnin Kebbi. Akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda. Akwai babban majistare, wanda doka ta sa ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata. Akwai babbar kotu, inda ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan adam na 2009 suka ba ɗan'uwa damar shigar da ƙara a madadin wanda ba ya iyawa. Hanyar tana ɓullewa. Iyalan Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa wurin 'yan sanda a Maiduguri a Yulin 2009 aka kashe shi, sun je kotu, a 2010 ta yanke a biya su naira miliyan 100.

Ku riƙe matasa. Ƙona caji ofis na ƙona rajistar da za ta zama shaidarku, ya kuma jefa wasu 'ya'yan cikin sel. Idan aka zo da maganar sulhu, yafiya alheri ce kuma haƙƙin magada ce, amma ana yafe abin da aka sani ne. Rabon marayu ba na baffa ba ne da zai sarayar a zaure don kunyar manya.

Ga mai fita neman abinci a hanyar iyaka, ka haddace lambar mutum biyu, ka gaya wa gida inda ka nufa. Ga uban ƙasa da hakimi da liman, ku zauna da shugabannin jami'an yankinku tun ana zaman lafiya, ku yi musayar lamba, ku amince cewa ba za a kwana da labarin mutuwa ba a kai shi gida ba. Ga jami'i kuma, wanda ke bayan ƙofar nan ɗan wani ne, kamar yadda kai ma ɗan wani ne. In ya rasu a hannunka, tashi ka je ka gaya wa iyayensa da bakinka, a ranar, ka kuma faɗi gaskiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, ya ba mu ikon sauke amana.